Yadda ake ajiye imel ɗin kwastoma, a aika shi, a kuma karanta amsarsa a manhajar bil

Wannan jagorar don 'yan uwana masu rubuta manhaja a nan Katsina na yi ta, musamman waɗanda ake ba aikin manhajar bil, irin ta makarantun kuɗi, ko masu saka sola da ake biya kaɗan-kaɗan, ko masu raba intanet a ofisoshi. Abu ɗaya nake yawan gani in na duba kod ɗin yaranmu, mutum ya danna maɓallin aika bil, nan take kod ya kira mail() ko PHPMailer ya harba saƙo, shikenan, babu inda aka rubuta mi aka aika, wa aka aika ma, yaushe, ya isa ko bai isa ba. Sai ranar da Alhaji ya zo ofis ya ce shi ba a taɓa turo mashi bil ɗin zango na biyu ba, kai kuma ba ka da abin nunawa. Maganar kuɗi ce fa, haƙƙin mutane ne, kuma saƙon nan shi ne shaida. Don haka duk abin da zan faɗa a kan abu guda ya rataya: a ajiye saƙo cikakkensa tukuna sannan a aika shi, in kuma shigowa ya yi, a ajiye shi yadda ya zo sannan a fara ɓare shi, wato a warware shi a ciro take da jiki da fayilolin da ke ciki.

Mataki na farko: teburin saƙonni masu fita

Ka buɗe tebur a rumbun bayananka, ka kira shi sakonni_fita. A ciki ka sa lambar kwastoma, lambar bil, irin saƙon wato sabon bil ne ko tunatarwa ko rasit, adireshin da aka aika ma, taken saƙon, ɗanyen saƙon gaba ɗayansa wato yadda za a tura shi bayit da bayit, Message-ID ɗinsa wato lambar shaidar da ta bambanta shi da kowane saƙo, matsayinsa, sau nawa aka gwada aikawa, yaushe za a sake gwadawa, da kuma amsar da sabar imel ta bayar kalma da kalma. Matsayi biyar sun isa: jira, ana_aikawa, an_aika, ya_gaza, ya_dawo.

Adireshin nan kwafe shi za ka yi cikin teburin, kar ka ce ai yana teburin kwastoma, don gobe mutum zai canza imel kuma kana buƙatar sanin wanda aka yi amfani da shi a ranar. Haka ma jikin saƙon. Wasu samfuri kawai suke ajiyewa da niyyar in an tambaya su sake haɗa saƙon, toh in kuɗin makaranta ya ƙaru ko an gyara samfurin, abin da zai fito daban yake da wanda uban yaro ya gani a wayarsa, kaga shaidar ta lalace kenan.

In MySQL kake amfani da shi ka sa utf8mb4, don tsohon utf8 ɗinsu bayit 3 ne iyakarsa kuma imoji bayit 4 ne, mutanenmu kuwa ba su rabuwa da sa imojin addu'a a ƙarshen saƙo. Ɗanyen saƙo a MEDIUMBLOB, yana ɗaukar har 16MB, ko ka ajiye shi a matsayin fayil ɗin .eml a wajen public_html ka rubuta hanyarsa a tebur. Lokaci ka ajiye shi a UTC, wajen nunawa ka ƙara awa 1 ya zama agogon Najeriya. Kuɗi kuma a kwabo, cikakkiyar lamba, ₦45,000 ya zama 4500000. Sannan ka ɗaure lambar bil da irin saƙo da zagayensa, misali tunatarwa ta farko ce ko ta biyu, da UNIQUE, ta yadda ko sakatare ya danna sau uku don netwok na jan ƙafa, layi ɗaya ne zai shiga.

Mataki na biyu: haɗa saƙon

Tsarin imel tsoho ne, tun 1982 da RFC 822, wanda ake bi yanzu shi ne RFC 5322 na 2008. Sama akwai kawunan saƙo irin su From da To da Subject da Date, sai layi guda babu komai, sai jiki. Asalinsa haruffan Turanci zalla aka gina shi a kai, MIME ne ya zo daga baya ya ba da damar wasu haruffa da maƙala fayil. Shi ya sa ƙ da ɗ da ɓ da alamar naira sai an lulluɓe su kafin su wuce. Harafin ƙ a UTF-8 bayit biyu ne, C6 da 99, in aka karanta shi da tsohon tsarin Windows-1252 sai "ƙofa" ta koma "Æ™ofa", "kuɗi" ya koma "kuÉ—i", alamar ₦ kuma ta koma "â‚¦". Duk wanda ya taɓa ganin bil da irin wannan tarkacen a gaban adadin kuɗi ya san yadda yake zubar da mutuncin kamfani. A PHPMailer sai ka rubuta $mail->CharSet = 'UTF-8' da hannunka, don in ka bar shi iso-8859-1 yake ɗauka.

Dan Allah kar ka haɗa MIME da hannu kana liƙa layuka, laburare ya riga ya yi aikin. Ga yadda yake a Python:

sako = EmailMessage(policy=email.policy.SMTP)
sako["Message-ID"] = make_msgid(domain=domen)
sako.set_content(rubutu)
sako.add_alternative(html, subtype="html")
sako.add_attachment(pdf, maintype="application", subtype="pdf", filename=suna)
danye = sako.as_bytes()

Wannan danye ɗin shi za ka ajiye. Masu PHP su kira preSend() sannan getSentMIMEMessage(), zai ba su cikakken saƙon ba tare da an aika ba. Ka lura na sa rubutu zalla da kuma HTML, ka yi ma zallan adalci, adadin kuɗi da ranar ƙarshen biya da lambar bil su fito a layukan farko, don da yawa a ƙaramar waya za su buɗe kuma datarsu ba ta kai su sauke PDF ba. PDF ɗin ma ka rage mashi nauyi, base64, tsarin da ake lulluɓe fayil da shi a imel, na ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku a kan girman fayil, kuma Gmail na datse saƙon da HTML ɗinsa ya wuce 102KB.

Abu uku za ka dasa tun yanzu saboda ranar da amsa za ta dawo. Message-ID naka na kanka da ka ajiye a tebur. Lambar bil a cikin take, misali BIL-2025-0417. Sai Reply-To mai alama, kamar bil+7f3k9x sannan domen ɗinka, alamar ta zama bazuwar haruffa da ba a iya hasashe, kar ta zama lambar bil mai bin juna. Ka tabbatar dai sabar imel ɗinka na karɓar adireshi mai alamar tarawa kafin ka dogara da shi.

Duk abin da ya fito daga hannun kwastoma, sunansa ko adireshinsa, ka tace shi. In zai shiga kawunan saƙo kar ka bari sabon layi ya ratsa ciki, ta nan ake cusa Bcc a mayar da sabarka injin tura shara. In zai shiga HTML ka bi da shi ta htmlspecialchars ko makamancinsa. Kuma ka riƙa sabunta laburarenka, a Disambar 2016 an gano ɓaraka babba a PHPMailer, CVE-2016-10033, wadda ta adireshin mai aikawa kawai ake iya sa saba ta gudanar da kod ɗin wani, har yau kuwa akwai masu kwafo tsohuwar fulda daga tsohon aiki su liƙa a sabo.

Ƙarshen wannan matakin, rubuta bil da rubuta layin saƙonsa su kasance cikin tiransakshan guda. Ko su shiga tare ko su fasa tare.

Mataki na uku: aikawa

Shafin da sakatare ke dannawa ba shi zai yi magana da SMTP, wato sabar da ke aika imel, ba. Wani ɗan kod daban ne da cron, mai tada aiki in lokacinsa ya yi, ke tadawa duk minti ɗaya ko biyar, ya ɗebo kamar layi 20 masu matsayin jira waɗanda lokacinsu ya yi, ya mayar da su ana_aikawa, ya aika ɗaya bayan ɗaya. In akwai yiwuwar guda biyu su tashi tare ka yi amfani da SELECT ... FOR UPDATE SKIP LOCKED, yana nan a MySQL 8.0 da PostgreSQL tun 9.5. Amfanin wannan tsarin a wajenmu a fili yake, in manhajar na kan kwamfutar ofis aka ɗauke wuta ko sabis ya yanke, saƙonni na nan a layi, da an dawo su ci gaba daga inda suka tsaya.

Ka haɗa da saba ta ƙofa 587 da STARTTLS ko 465 da TLS kai tsaye, 25 ta tsakanin sabobi ce kuma masu hostin da yawa sun toshe ta. Kalmar sirri kar ta zauna cikin kod ɗin da kake turawa GitHub.

Amsar saba lamba ce mai gida uku. 250 na nufin ta karɓa, kamar ka ba direban Daura saƙo a tasha ya ce to, ya karɓa dai amma bai kai hannun mai shi ba tukuna, don haka a fuskar manhaja ka rubuta "an aika", kar ka rubuta "ya samu". Lambar da ta fara da 4 matsala ce ta ɗan lokaci, ka sake gwadawa bayan minti 5, sai 15, sai awa ɗaya, kana ƙara tazara, in an kai iyakar da ka sa ka mayar da shi ya_gaza ka nuna ma mutum. Wadda ta fara da 5 kuma ƙi ne na dindindin, kar ka nace, nacewa a kan adireshin da babu shi na ɓata sunan domen ɗinka.

Akwai wani gurbi da ya kamata ka sani. Zai yiwu saba ta karɓi saƙo, kafin kod ya rubuta an_aika sai komai ya mutu, layin ya maƙale a ana_aikawa. Ka sa doka cewa duk wanda ya wuce minti 15 a haka a mayar da shi jira. Wataƙila kwastoma ya ga saƙon sau biyu, amma tunda ɗanyen da ka ajiye kake sake turawa, adadi ɗaya ne da Message-ID ɗaya, babu ruɗani. A ganina gara haka da bil ya ɓace shiru.

Game da Gmail na kyauta da yawancin ƙananan kamfanoni ke so a yi amfani da shi, iyakarsa saƙo 500 a rana, kuma tun ƙarshen Mayun 2022 Google ya daina barin manhaja ta shiga da kalmar sirrin yau da kullum, sai an kunna tabbatarwa mai mataki biyu an ciro kalmar sirri ta manhaja. Makaranta mai ɗalibai dubu ranar fitar da bil za ta ci karo da bango. Shawarata ka lallaɓa mai kamfani ya sayi domen nasa, ka saita SPF da DKIM da DMARC a DNS, su ne rikodin da ke shaida cewa saƙo daga domen ɗinka ya fito da gaske. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsananta, duk mai aikawa sai yana da SPF ko DKIM, mai tura 5,000 a rana zuwa Gmail kuma sai duka ukun. Rikodin SPF guda ɗaya tak ake sawa a domen, biyu na lalata juna, DMARC kuma ka fara da p=none kana duba rahoto kafin ka matse.

Lokacin gwaji ka juya komai zuwa Mailpit, sabar gwaji mai kama saƙo ta riƙe shi, a kwamfutarka. Kar ka kuskura ka gwada da kwafin bayanan gaske alhali SMTP na gaske na kunne.

Mataki na huɗu: ɗebo masu shigowa

Ta IMAP, hanyar da manhaja ke karanta akwatin imel, a ƙofa 993. Kar ka dogara da alamar "ba a karanta ba", don akwatin nan wataƙila yana wayar mai kamfani da ta akanta, da ɗayansu ya buɗe saƙo kod ɗinka ya tsallake shi kenan. Ka bi UID, lambar da saba ke ba kowane saƙo, ka ajiye na ƙarshe da ka ɗauka tare da UIDVALIDITY na fuldar, mai nuna ko lambobin nan na aiki har yanzu, in wannan ya canza to tsofaffin lambobin sun tashi aiki sai ka sake bi daga farko. Ka ɗebo da BODY.PEEK[] don kar ka sa ma saƙon alamar an karanta. Ka zuba ɗanyensa a teburin sakonni_shiga ba tare da ka taɓa ko bayit ɗaya ba, ka lissafa SHA-256 ɗinsa ka ɗaure da UNIQUE saboda maimaici. Aikin wannan matakin kenan, babu ɓarewa a nan. Masu PHP su sani daga 8.4 an cire imap daga cikin ainihin harshen an mayar PECL, wato sai an girka shi daban, sai a duba webklex/php-imap, wajen ɓarewa kuma zbateson/mail-mime-parser.

Mataki na biyar: ɓare saƙon

sako = BytesParser(policy=email.policy.default).parsebytes(danye)
jiki = sako.get_body(preferencelist=("plain", "html"))

Wannan policy.default ɗin shi ke warware take irin =?UTF-8?B?...?= ya mayar da shi rubutun da ake karantawa, ya kuma haɗe kawunan da aka naɗe a layi biyu. Ka sa ran ganin abin mamaki, wani saƙon babu rubutu zalla sai HTML, wani babu jiki sam sai hoton rasit, wani ya ce shi us-ascii ne alhali cike yake da UTF-8. Kowane saƙo ka kewaye shi da try nasa, in ya ƙi ka sa mashi alama ka wuce na gaba, kar guda ɗaya ya tsayar da layi.

Kafin ka nemi bil ɗin da saƙo ya shafa, ka fara tambaya: mutum ne ya rubuto ko inji? In Content-Type ɗinsa multipart/report ne mai report-type=delivery-status, to saƙonka ne ya dawo. A ciki akwai sashen message/delivery-status mai Final-Recipient da Action da Status, 5.1.1 na nufin babu wannan adireshin, 5.2.2 ko 4.2.2 akwati ya cika, wanda ke yawan faruwa ga mutanen da hotuna suka cinye masu 15GB ɗin Google. Ka nemo asalin Message-ID a sashe na uku, ka mayar da layinsa ya_dawo, ka sa jan tuta a kan kwastoman don a kira shi a waya. In kuma akwai Auto-Submitted da ƙimarsa ba "no" ba ce, amsar inji ce, ka ajiye amma kar manhajarka ta mayar mata da amsa, in ba haka ba inji biyu za su kwana suna gaisawa har akwati ya cika. Naka saƙonnin ma ka sa masu Auto-Submitted: auto-generated.

In mutum ne, ka bi wannan jerin. Da farko In-Reply-To da References, in ɗayansu ya dace da Message-ID a sakonni_fita ka samu bil ɗin. In babu, alamar da ke cikin adireshin da aka rubuto ma. In babu, lambar bil a take. Na ƙarshe kuma mafi rauni adireshin mai aikowa, shi wannan shawara kawai zai ba ma'aikaci, don uba ɗaya na iya samun 'ya'ya huɗu a makaranta, ko ɗan uwansa da ke Kaduna ne ya biya ya rubuto da nasa imel ɗin. Wanda bai dace da komai ba ya tafi akwatin da mutum zai duba da ido.

Yanke tsohon rubutun da ke ƙasan amsa abu ne da ba ya taɓa cika daidai, layuka masu fara da > da layin "On ... wrote:" za ka iya ɓoye su wajen nunawa, amma layin nan na canzawa da harshen wayar mutum, wasu kuma a tsakiyar tsohon saƙon suke cusa amsarsu. Ka ɓoye kawai, ka bar maɓallin nuna duka.

Fayilolin da aka maƙalo ka bi su da iter_attachments(). Sunan fayil kar ka yarda da shi, ka raɗa mashi naka, ka duba ainihin irinsa daga cikinsa, ka karɓi PDF da JPEG da PNG, da HEIC saboda masu iPhone, ka sa iyakar girma, ka ajiye inda burauza ba ta kaiwa kai tsaye. HTML ɗin kwastoma kuma in ka zuba shi haka nan a shafin akanta ka buɗe ma ɓarawo ƙofa ne, ko ka nuna rubutu zalla ko ka wanke shi da HTML Purifier, hotunan waje kuma a toshe.

Mataki na shida: imel ba ya biyan bil

Nan ne na fi so a saurare ni. Za a zo maka da buƙata, "Injiniya, tunda manhajar na karanta imel, in mutum ya turo rasit ta rufe bil ɗin kawai mana." Ka ce a'a, ranka ya daɗe, ka yi mashi bayani cikin ladabi. Layin From kowa na iya rubuta abin da ya ga dama a ciki, hoton rasit ana gyara shi a waya cikin minti biyu, alat na bogi kuwa duk ɗan kasuwar da ke babbar kasuwar Katsina ya san labarinsa. Ko saƙon da ya yi kama da na banki haka ne. Iyakar abin da saƙo zai yi shi ne ya mayar da bil "ya ce ya biya", akanta ya duba asusu ya tabbatar da hannunsa, a rubuta sunan wanda ya tabbatar da lokacin. In ana son abin ya riƙa rufe kansa, a bi ta kamfanonin karɓar kuɗi irin Paystack ko Flutterwave ko Remita. Paystack misali na sa hannu a sanarwar da yake turo ma sabarka da HMAC SHA512 a x-paystack-signature, ka tabbatar da sa hannun, ka kwatanta adadin a kwabo da na bil ɗin, sannan ka rufe.

Adadin da mutum ya rubuta a saƙo ma haka, wani zai sa 45k, wani N45,000, wani "dubu arba'in da biyar", wani ya ce na tura rabi sauran sai ƙarshen wata in sha Allah. Ka iya ciro shi ka nuna ma akanta a gefe, amma kar ya taɓa shiga lissafi. Duk saƙon da ya nemi a canza lambar asusu ko adireshin imel, a kira mutumin a lambar da ke rijista tun asali kafin a taɓa komai.

Sauran abin da ya rage

Teburan nan biyu cike suke da sirrin mutane, wa ake bi bashi, wa ya roƙi a ɗaga mashi ƙafa. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta hau kan duk mai riƙe irin wannan, kuma ko babu doka amana ce. Ka taƙaita masu iya buɗewa, ka rubuta wa ya buɗe mi, kar jikin saƙo ya riƙa zuba cikin fayil ɗin kurakurai, ku zauna da mai kamfani ku yanke shekara nawa za a riƙe kafin a goge, kwafin ajiya kuma a kulle shi da kalmar sirri kafin ya hau filasha.

Ka ƙara ginshiƙi guda a sakonni_shiga mai nuna sigar kod ɗin da ta ɓare saƙon, duk ranar da ka gyara wani kuskure sai ka sake bi ta kan ɗanyun da tsohuwar sigar ta taɓa. Saƙonnin da suka ba ka wahala kuma ka cire sunaye da lambobi daga ciki ka tara su a fuldar gwaji. Kafin ka miƙa aiki ka ƙirƙiri kwastoman gwaji mai adireshi a Ƙofar Ƙaura da bil na ₦45,000, ka tura ma Gmail da Yahoo da Outlook, ka amsa daga waya da hoton rasit, ka tura wani zuwa adireshin da babu shi, sannan ka cire kebul ɗin intanet ana tsakiyar aikawa ka mayar ka ga ko layin ya ci gaba da kansa.